Gurbin Awanni

Sun aiko mini takarda daga ofishin yanki,
wai in cike: suna, shekaru, muƙami,
sai wani ɗan gurbi, bai kai faɗin yatsa biyu ba:
"Awa nawa ta yi tana hidima?"

Na zauna da biro a hannu har shayina ya huce.
A waje iskar Punta Arenas na jijjiga kwanon rufi
kamar mai bin bashi.

Daga ina zan fara ƙirge?
Daga daren da tantinmu ya tashi sama a bakin teku,
muna 'yan shekara goma, muna kuka a duhu,
Eulalia Oyarzo ta tattara mu bayan wani dutse,
ta ce kowa ya riƙe igiyar takalmin na kusa da shi,
ta yi ta ba mu labarin tunkiyar kakarta mai taurin kai
har gari ya waye?
Awa bakwai ke nan,
ko kuwa duk shekarun da ban ƙara tsoron dare ba?

Litinin zuwa Juma'a tana ɓare ƙaguwa a masana'anta,
yatsunta duk tsaga, gishiri ya cinye su.
Asabar kuwa tamu ce, 'yan sikawut.
Shekara talatin da ɗaya.
Ta koya mana ƙullin da ba ya kwancewa,
da kunna ashana cikin tafin hannu, ka juya wa iska baya.
Ta saya wa Braulio takalmin sanyi,
ta ce tsintarsa ta yi a sito.
Dukanmu mun ga takardar kuɗin a manne a ƙasansa,
babu wanda ya tanka.

Na rubuta: "Da yawa."
Sakatare ya dawo mini da ita, alƙaluma yake so.
Na rubuta dubu tara.
Ƙarya ce, amma ta ragi.

Ranar bikin, a ɗakin wasannin makaranta,
kujerun roba, na'urar ɗumama ɗaki tana tari.
Mutum shida za a karrama.
Biyar sun zo da kwat a goge,
kujerarta kuma wayam,
domin ta raka ƙaramar Maite gida,
uwarta na aikin dare.
Ta shigo da taɓo a ƙafa ana tsakiyar tafi,
ta juya tana neman wa ake tafa wa.

A kan farantin tagulla an rubuta Oyarso.
Ta duba, ta ce, "Ba laifi, na gane ta."
Ni aka ce in maƙala mata lambar.
Allurar ta ƙi huda rigar ulun da ta saƙa da hannunta,
ta zame, ta soke ni a babban yatsa.
Ita ko ba lambar take kallo ba, wuyana take kallo.
"Hernán, har yau ba ka iya ba?"
Ta kwance ƙyallen wuyana, ta sake ɗaurawa,
ni mai shekara arba'in, da furfura a gemu,
a gaban 'yata.

Aka ce ta yi jawabi.
Ta riƙe makirufo nesa da baki kamar zai cije ta:
"Tanti biyu sun yage. Wa ke da keken ɗinki?"
Hannu uku suka tashi.
Ta sauka.

An ce yabon gwani ya zama dole,
ba a ce dole gwani ya tsaya ya saurara ba.

Bayan wata biyu muka fita sansani.
Iska na neman ƙwace taswira daga hannun yara,
sai ta zaro farantin nan daga jaka
ta danne kusurwar da shi.
"Nauyinsa ya yi daidai," in ji ta.
"Maite, nuna mana arewa."